Babbar Rigar da Na Sa Zuwa Ma'adi

Ni ne na yi laifi, kuma ba laifin rana ɗaya ba ne. Na fara da wannan don kada mai karatu ya ɓata lokacinsa yana neman wanda zai zarga cikin Misirawa, ko faɗuwar fam, kuɗin ƙasarsu, ko 'yan ƙasarmu da suka ci tuwona suka goge hannu a labulen falo. Kowannensu ya yi nasa, kuma zan faɗa. Amma gidan da aka kusa yin gwanjonsa a Alƙahira na matata ne, ni kuwa na kai shi bakin gwanjon da hannuna.

Sunana Sabi'u. Karatuna bai wuce sakandare ba, ita ma da ƙyar. Yaron shago ne ni a kasuwar Kwari ta Kano. Maigidana mai sayar da abayoyi ya taho da ni Masar in riƙe masa jaka, sannan ya bar ni in jira ragowar kaya su fito daga ɗinki. Kaya suka tafi, ni ban tafi ba.

Zangona na farko kasuwar Ataba. Wanda bai san ta ba ya ɗauki Kwari ranar jajibirin salla, ya zuba mata motocin bas, ya cire mata sannu. Mutum zai taka ka, ya juyo ya zage ka don ka sa ƙafarka ƙarƙashin tasa. Warin kwata da na man da aka soya ƙosai a ciki har ya yi baƙi suna bin ka har cikin riga. Yara suna bina suna kiran "ya samara", wato baƙin nan. A makon farko wani mai shago ya rantse mini da kabarin uwarsa, ya sayar mini da katan na mayafai. Na sama lafiyayyu, na ƙasa kuwa ɓera ya gama yi musu ado. Da na koma in yi magana sai na tarar da uwar tasa zaune a bayan kanta tana shan shayi.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Wani tsoho mai shayi, Ammu Fathi, ya bar ni ina kwana a bayan teburinsa lokacin da ba ni da ɗaki. Bai taɓa tambayar sunana ba, "Nijeriya" yake ce mini. Wake da gurasa safe da yamma, har na riƙa mafarkin miyar kuka. In na yi shiru da yawa sai ya ƙara mini sukari a shayi, shi ke nan maganinsa na kewar gida.

A hankali Larabcin kasuwa ya zauna mini a baki, na zama fatoma. 'Yan kasuwa in sun zo daga gida ni zan tare su a filin jirgi, in nema musu masauki, in kai su shaguna, in yi tafinta, in tsaya musu in za a ba su kaya bashi, in ci la'ada. Jarin fatoma sunansa ne. Ranar da aka ce a Ataba maganar Sabi'u ba ta da nauyi, ranar ya mutu ko da yana tafiya.

Zango na biyu Arba wa Nus, unguwar da Sudanawa da sauran baƙaƙe suka cika a gabashin gari. Gidaje kamar an jefo su daga sama, ruwa ya zo yau ya ɗauke gobe, shara ta yi tudu har awaki suna hawa su hango gari. A nan na haɗu da Su'ad. Mahaifinta Bahaushen Sudan ne, ya rasu tana ƙarama, mahaifiyarta Hajja Karima Bamisiriya ce. Su'ad lalle take yi wa amare, yatsunta kullum baƙi ƙirin. Hausarta irin ta kakata ce, gauraye da Larabci, ranar da na fara jin ta sai da idona ya kawo ruwa. Muka yi aure, muka samu 'ya, Hafsa. Mu huɗu har da Hajja a ɗaki biyu masu yoyo.

Wata rana na dawo daga kasuwa na tarar da Su'ad tsaye da tsintsiya, Hafsa a kafaɗarta tana kuka.

Ta ce, "Abu Hafsa, yau ɓera ya bi ta kan fuskar 'yarka. Ko dai mu tashi, ko ka fara karɓar masa kuɗin haya."

Ita ta nemo gidan, ɗaki uku da falo a hawa na huɗu a unguwar Ashir. Ita ta nemo kamfanin da ke ba da lamunin gida, ofishinsu a Ma'adi. Tsarinsu shi ne su biya mai gida, kai kuma ka riƙa biyansu duk wata, abin da ake kira ƙisɗi a nan. Gidan yana jingine a hannunsu har ka gama. In ka daina biya su kai kotu a yi gwanjonsa. Da sunanta aka yi komai, don ita ke da takardun ƙasa. Kuɗin farko kuwa zinaren aurenta ne da na uwarta, suka kai kasuwa aka auna. Da yake ita kullum tana gidajen biki, sai ta yi mini wakilci a rubuce, aka sa lambar wayata a wurin kamfanin. Duk ƙarshen wata ta miƙo mini rabinta, in haɗa da nawa in kai banki.

Ranar da muka tare Hajja ta buɗe famfo ta tsaya tana kallon ruwa yana zuba, ta ƙi rufewa sai da Su'ad ta yi mata magana.

Ni na ce a bar ɗaki ɗaya na baƙi. Fatoman da ke sauke baƙi a gidansa ya fi mai kai su otal daraja. Shekarun farko abin ya yi kyau, ana zuwa ana tafiya, la'ada tana shigowa. Sai fam ya faɗi, naira ta bi shi kamar sun yi alkawari. Masu sari suka ja baya. Waɗanda suka rage suna zuwa su ne masu rakiyar mara lafiya, da waɗanda guzuri ya ƙare musu, da waɗanda ban ma san abin da ya kawo su ba. Wani ya ce wani ne ya ba shi lambata, shi ke nan, ya shigo da akwatinsa. An ce baƙo raɓa ne. Nawa damina ce da ba ta ɗaukewa.

A cikin wannan hali wani Alhaji Tanimu, wanda ya daɗe yana sauka a wurina, ya ɗauki abayoyi masu yawa bashi a wani shago da sunana. Ya dafa kafaɗata a filin jirgi ya ce kafin sati biyu zan ji saƙo. Har yau wayarsa a kashe take. Mai shagon ya tare ni a tsakiyar layi, gaban mutane, ya ce, "Ina maganar taka, ya Sabi'u?" A aljihuna a lokacin akwai ƙisɗin wannan watan, rabinsa gumin Su'ad. Na ciro na ba shi. Na ce wa kaina wata ɗaya ne, zan cike. Wata na gaba ma shi na ba. Na bayansa kuma na sayi nama da shinkafa, don baƙi ba sa cin wake.

Ina tuna wani ƙato da ya kwana wajen wata biyu a gidan. Ya buɗe kwano ya leƙa, ya ce, "Fatoma, yau ma babu kaza? Ko madam ta yi fushi da mu ne?" Sauran suka yi dariya. Ni ma na yi dariya, na sauka na sayo kaza. Hajja tana zaune a ƙofar kicin tana gyaran ganye, ta ce da Larabci, "Ya ibni, waɗannan 'yan'uwan naka ba su da gida a ƙasarku ne?" Na ce mata al'adarmu ce, ba a korar baƙo. Na faɗe shi da alfahari. Shi ya fi ƙona mini rai yanzu.

Kamfani ya fara kira. Wata mata, Madam Nahid, ita ke riƙe da maganar gidanmu. Muryarta ba ta da zafi. Ta ce in akwai matsala in zo mu zauna, akwai hanyoyi. Na ce ina tafe. Ban je ba. Daga baya in na ga lambar sai in kifa wayar. A wurinmu wanda ake bi bashi ba ya kai kansa hannu wofi, sai ya samu abin da zai riƙe. Ni kuwa ban samu ba, sai na ɓuya, kwanaki suna tafiya, tara tana hawa kan tara.

Da ta aiko cewa saura kaɗan magana ta koma hannun lauyoyi, sai na nemi Ustaz Bala. Ya zo karatun addini tun ina firamare, bai gama ba, bai koma ba. Kujerarsa a gidan shayin bakin titinmu ta lotsa daidai jikinsa. Duk ɗan Nijeriyan da ya shiga uku a Alƙahira wurinsa yake fara zuwa, don ya fi kowa Larabci, kuma babu ofishin da bai ce ya san wani a ciki ba.

Ya saurare ni yana juya cokali a kofin da ni zan biya. Ya ce, "Mas'ala ce ƙarama, ya akhi. Balarabe ido gare shi. Ka je masa a tsiyace ya taka ka. Ka je masa a Alhaji ya miƙe tsaye. Kana da babbar riga?"

Ba zan ɗora masa duka ba, don abin da ya faɗa shi ne abin da na tashi na gani. Maigidana a Kwari in dila ya matsa masa, ba ya zuwa yana kuka. Wanka yake yi, ya sa shaddarsa mafi tsada, ya ɗauki mutum biyu su raka shi, ya riƙe turare. Dila ya ga mutum da kwarjininsa, ya san akwai abin kamawa a bayansa, sai ya ce, "Haba Alhaji, sai ka shirya." Da riga ake sayen lokaci a can. Na ɗauka ko'ina haka ne.

Na fito da shaddar aurena, ruwan sararin sama, mai aiki har ciki, na kai aka buga mata sitati. Na ari agogo wurin wani baƙona. Na sayi kwalbar turaren udu. Ustaz Bala ya ce ba a zuwa Ma'adi a metro, jirgin ƙasan cikin gari, da irin wannan riga, sai muka yi hayar baƙar mota da direba. Abin da na kashe a ranar ya kusa ƙisɗi guda. Su'ad ta gan ni ina ɗaura hula a madubi.

Ta ce, "Wa ke aure?"

Na ce wani babban baƙo zan tara.

Ta gyara mini wuyan rigar ta ce, "Allah ya sa mai saye ne, ba mai ci ba."

Ma'adi wata ƙasa ce daban. Bishiyoyi sun rufe titi, Turawa suna jan karnuka, babu mai yi maka ihu. Mai gadin ofishin ya ga rigata ya ƙame ya ce "ya basha", wato ranka ya daɗe. Ustaz Bala ya taɓa ni da gwiwar hannu, wai ka gani.

Madam Nahid ta kai shekara hamsin, da tabarau rataye a wuya da mayafi ruwan toka. Ta dubi rigar, ta dubi agogon, ta nuna mana kujera. A gabanta akwai fayil buɗe. Ta fara bayani cewa kamfani ba ya son gwanjo, don kotu tana cin lokaci da kuɗi. Mutane da yawa sun shiga matsi, in mutum ya nuna samunsa ya ragu, ana iya sake tsara masa biyan, a ƙara shekaru, a rage na wata, a yafe wani abu daga tara. Ta ce, "Faɗa mini gaskiyar halin da kake ciki, Ustaz Sabi'u."

A nan ne ya kamata in buɗe baki. Amma mutum ba ya zama cikin shadda mai sitati ya ce ba shi da na cefane. Rigar ta riƙe mini harshe. Ustaz Bala ya gyara murya.

Ya ce ni ne babban dilan abayoyi na Kano gaba ɗaya. Ya ce akwai kwantainoni uku a teku yanzu haka. Ya ce ina da gidaje a Kano da Abuja, wannan na Ashir masaukin baƙi ne kawai, shi ya sa sakatarena ya manta da shi. Ya ce kuɗin da suke bi bai kai abin da nake rabarwa da azumi ba. Ni kuma ina gyaɗa kai, ina karkaɗa hannu don agogo ya fito. Na tura mata kwalbar turaren.

Ta mayar da ita gabana da bakin biro, ko taɓawa ba ta yi ba. Sannan ta rufe fayil ɗin.

Ta ce, "Ma sha Allah. Na yi murna. Da na zaci kana cikin waɗanda suka kasa, har na shirya maka takardun sassauci. Ashe kana cikin waɗanda suka ƙi. Su ba mu da abin da za mu yi musu. Ka biya duk abin da ya taru kafin ƙarshen wata, in ba haka ba lauyoyi za su ci gaba."

A cikin mota Ustaz Bala ya ce, "Ka ga yadda ta rufe fayil ɗin nan? Tsoro ne. Khalas, shi ke nan, ba za su sake kiranka ba." Can kuma sai ya ce, "Kuma ma in ka duba, ya akhi, asalin mu'amalar nan akwai shubuhar riba. Wataƙila Allah ne yake son ya tsarkake ka daga gidan." Shi ne fa wanda ya zo walimar tarewarmu ya ci tattabaru biyu, ya yi addu'a mai tsawo. Kafin mu kai Ashir ya nemi ladan tafinta, ya kuma ce a tsaya ya sayi gasasshiyar kaza, yunwa yake ji. Na biya. Sitatin rigar ya jiƙe da gumi yana manne mini a baya kamar koko, na ji ƙyamar jikina gaba ɗaya.

Duk da haka ban faɗa wa Su'ad ba. Ƙarshen wata ya zo ya wuce, wasu ma suka bi shi. Takardun da suka zo ni nake tare su a wurin mai gadin gidanmu. Su'ad tana miƙo mini rabinta, ina karɓa.

Ranar da abin ya fashe da hantsi ne. Su'ad tana falo da wata amarya da ƙawayenta, ta zana mata hannu ɗaya tana kan na biyu. Baƙina uku suna ɗaki suna kallon ƙwallo a waya. Aka buga ƙofa. Wani mutum ne da jaka da awon tef, ya ce an turo shi ya ƙiyasta kuɗin gidan. Na yi ƙoƙarin jan sa waje, ya ce shi da mai gidan zai yi magana, ya karanto cikakken sunan Su'ad.

Su'ad ta ce, "Ƙiyasta shi don me?"

Ya ce, "Don gwanjo, ya madam. Ba a faɗa miki ba?"

Ba ta yi ihu ba. Ta dube ni sau ɗaya, ta koma ta zauna ta ƙarasa hannun amaryar, don an riga an biya ta, kuma lalle ba ya jira. Mutumin yana ja da tef daga bango zuwa bango, yana tsallake ƙafafun 'yan mata, yana leƙa banɗaki, yana ƙwanƙwasa tayil. Ni ne na rasa inda zan tsaya a cikin gidan.

Baƙina kuwa kafin la'asar sun haɗa akwatunansu. Ba wanda ya tambaye ni nawa ake bi. Ɗaya ya ja ni gefe a bakin matattakala, na ɗauka jaje zai yi. Ya ce, "Fatoma, in har za a sayar, firijin nan kada ka bari ya shiga lissafi. Ni ina so, mu yi ta gida."

Hajja ta fito da ƙullin kayanta ta ajiye a bakin ƙofa. Ta ce, "Arba wa Nus na san hanya, ba sai an raka ni ba. Sai dai a faɗa mini ranar, Ustaz Sabi'u." Tun da na auri 'yarta "ya ibni", wato ɗana, take ce mini. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kwanaki Su'ad ba ta ce mini komai ba sai abin da ya shafi Hafsa. Ni kuma na sake yin abin da na iya. Na je na roƙi dattawa biyu cikin Hausawan Sudan, abokan mahaifinta, su zo su ba ta haƙuri a madadina, yadda ake biko a gida. Ta shimfiɗa musu darduma, ta kawo musu shayi, ta saurare su har suka gama, ta raka su ƙofa da ladabi. Da ta dawo ta tsaya a kaina.

Ta ce, "Agogo na aro, mota ta haya, na ji duk. Yanzu bakin ma aro za ka yi?"

Ban san wa ya faɗa mata maganar motar ba. Na sunkuyar da kai.

Ta ce, "Ba ni lambar matar kamfanin nan."

Ita ta kira, ita ta roƙi a ba mu rana. Kafin ranar ta kai ni ofishin rajista ta soke wakilcin da ta yi mini, ina tsaye a layi a bayanta kamar ɗan rakiya. Ta ce Madam Nahid tana son shaidar abin da kowannenmu yake samu na gaskiya. Ni ba ni da ko ɗaya, don la'ada ba ta da takarda. Na koma Ataba, wurin wani mai aika kaya ƙasashen waje wanda a da nake kai masa Alhazai ina zaune yana kawo mini lemo, na roƙe shi aikin ɗaure katan. Ya dube ni ya dube ni, ya ce in zo gobe da kayan aiki. 'Yan ƙasarmu suna wucewa suna ganina da igiya a baki ina ɗaurin kaya. Wasu su kau da kai, wasu su ce, "A'a, fatoma, motsa jiki ake yi?" Na sayar da rigar da babbar wayata. Su'ad ta cire 'yan kunnen da suka rage mata, ta karɓi kuɗin biki uku tun kafin ranarsu.

Muka koma Ma'adi a metro, a tsaye, ni da tsohuwar taguwa mai tabon tawadar katan. Mai gadin nan bai gane ni ba, ya ce mu jira a benci.

Madam Nahid ta gaisa da Su'ad hannu da hannu, ta juya tafinta tana kallon zanen. Sannan ta sa tabarau ta dube ni.

Ta ce, "Kwantainonin sun iso lafiya?"

Su'ad ta ce, "Waɗanne kwantainoni?"

Ashe wannan ɓangaren bai kai kunnenta ba. Babu Ustaz Bala, babu dattawa. Da guntun Larabcina na kasuwa na faɗi komai, tun daga Alhaji Tanimu har gidajen Abuja da ban taɓa taka garinsu ba. Na faɗi kazar baƙi. Na faɗi watannin da na karɓi kuɗinta ban kai ba. Ina magana ina kallon ƙafar tebur.

Madam Nahid ta ce, "Da ka faɗi rabin wannan ranar da ka zo da turare, da lauya bai ci ko fam ɗaya a kanku ba. Yanzu kuɗinsa ma yana wuyanku." Ta juya ga Su'ad. "Ke kuma, ya binti, gida da sunanki, ki bar waya da sunan wani?"

Su'ad ta ce, "Mijina ne."

Madam Nahid ta ce, "Duk wanda ke zama a kujerar nan mijin wata ne."

Ba a gama a ranar ba cikin sauƙi. Madam Nahid ta shiga wurin manajansu ta fito, ta sake shiga. Suka ce abin da muka kawo bai kai ba. Su'ad ta ce za ta sa ɗalibai mata biyu haya a ɗakin baƙi, ta riga ta yi magana da su, ga shaidar. Aka sake lissafi. A ƙarshe suka yarda su dakatar da maganar kotu, su karɓi abin da ke hannunmu, su raba sauran a kan shekarun da suka ƙara mana. Rabin tarar suka yafe, rabi yana nan. Sharaɗi ɗaya ne, in aka sake tsallake wata ɗaya tak, ba kira, ba zama, sai gwanjo. Su'ad ta sa hannu a kowane shafi. Ni ba a nemi hannuna a ko'ina ba. Hafsa za ta gama makaranta kafin mu gama biyan gidan da ya kamata a ce mun ci rabinsa.

Muka fito muka bi ƙarƙashin bishiyoyin nan har tasha, tana gaba ina baya. Gidan ya tsira, amma ba ta ce mini uffan ba, kuma na san in muka shiga gida a haka, haka za mu zauna. A kan dandamalin jirgi ta wuce kai tsaye zuwa tsakiya, inda taragon mata yake tsayawa, wurin da namiji ba ya shiga. Na tsaya a iyakar maza. Na ji ƙarar jirgi daga nesa.

Na taka na shiga cikin matan. Wata tsohuwa ta ce, "Nan na mata ne, ya ustaz, ko ba ka gani?" Na ce mata ma'alish, ta yi haƙuri, minti ɗaya. Duk suka zuba mini ido. Su'ad tana kallon layin dogo, jakar takardu a ƙirjinta. Ban taɓa kiran sunanta a gaban mutane ba, ranar na kira, da Hausa, da ƙarfin da za ta ji duk da ƙarar jirgin.

Na ce, "Su'ad, na ci amanarki. Na ji kunyar kowa a garin nan, ban ji taki ba. Ba wanda ya sa ni, kuma ba wanda na aiko, ga ni da bakina. Ki yafe mini. In ba za ki iya yau ba, ki hau, zan biyo na baya."